Darussan da na koya a kwas ɗin gadon sarautar tsakiyar Turai

Tunda zan bar sashen, bari in rubuta wa mai karɓar kwas ɗin abin da ba ya cikin manhaja.

Babbar matsalar ita ce taswirar salsala. Shugaban sashe ya nace a fara da ita, a kuma ɗora rabin makin jarrabawa a kanta. Na yi magana a taro, aka ce haka aka gada. Sakamakon shi ne ɗalibi ya haddace wa ya haifi wa, amma a tambaye shi dalilin da Hangari ta wayi gari da sarakuna biyu a 1526, sai ya yi tsuru. Salsala tana nuna masu neman sarauta ne kawai. Wanda zai hau, wasu abubuwa ne ke yanke shi, kuma kowace gadon sarauta da nata tsarin.

Ka fara da yaƙin Mohács a Hangari. Ran 29 ga Agusta 1526 Louis na Biyu, sarkin Hangari da Bohemiya, ya mutu bayan rundunar Sultan Sulaiman na Daular Usmaniyya ta Turkiyya ta murƙushe tasa, bai bar ɗa ba. Bisa yarjejeniyar Viyana ta 1515, Ferdinand na gidan Habsburg, mijin Anna 'yar'uwar Louis, shi ne mai hujja a takarda. Manyan Bohemiya suka karɓe shi a Oktoba, amma suka dage cewa zaɓensa suka yi, ba gado ya ci ba. A Hangari kuwa wani ɓangare ya naɗa János Zápolya, ɗaya daga cikin manyan ƙasar, a Nuwamba, ɗaya ɓangaren ya zaɓi Ferdinand a Disamba, kuma kambi guda aka ɗora wa su biyun, shekara ɗaya tsakani. A 1538 suka sulhunta a Nagyvárad cewa idan Zápolya ya rasu, ƙasar ta koma hannun Ferdinand. Sai Zápolya ya yi aure, aka haifa masa ɗa a Yulin 1540, ya mutu kimanin mako biyu bayan haka, mutanensa suka naɗa jinjirin. Sulaiman ya shigo da sunan kare maraya, ya kama Buda, babban birnin Hangari, a 1541, ƙasar ta rabu uku.

Saboda haka a kowace rigima ka sa ɗalibi ya cike gurbi huɗu: wa ke da ikon zaɓe, kambi yana hannun wa kuma a ina ake naɗi, wa ke biyan sojoji, wane maƙwabci ne ke jiran gawa. In ya tsallake na ƙarshe, ba zai fahimci 1740 ba. Charles na Shida na gidan Habsburg, sarkin Daular Roma Mai Tsarki, ya kwashe shekaru tun 1713 yana neman sa hannun ƙasashe domin 'yarsa ta gaje shi. Ya rasu a Oktoba, Frederick na Biyu na Furusiya ya shiga Silesiya, yankin gidan Habsburg, a Disamba, alhali ƙasarsa na cikin waɗanda suka yi alkawari.

Dokar 1356 ta Charles na Huɗu kan zaɓen sarkin daular ba ta ba ɗalibanmu wuya, don sun san masu zaɓen sarki a gida. Bakwai ne: manyan limaman cocin Mainz, Trier da Kolon, sai sarkin Bohemiya da masu mulkin Palatinate, Saksoni da Brandenburg. Huɗu sun isa rinjaye.

Sauran ƙanana ne, sai dai su ke cinye maki. Lambar sarki tana canzawa da ƙasa: Charles na Shida a daular shi ne na Uku a Hangari. Pozsony da Pressburg da Bratislava gari ɗaya ne. Daga 1582 zuwa 1700 kwanan watan takardun Katolika da na Furotesta a Jamus na iya bambanta da kwana goma, a duba kafin a ce wasiƙa ta riga yaƙi.

Taswirar salsalar tana nan manne a bangon ofis. Ban cire ta ba, tunda ba ni na liƙa ba.