Godiya ga mutanen Ngazija bayan guguwar Kenneth

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki. Alhamdu lillahi, na iso gida lafiya. Tun daren 24 ga Afrilu 2019 da guguwar Kenneth ta ratsa arewacin tsibirin Ngazija na ƙasar Komoros wayata ta daina shiga, kuma na san zullumin da kuka shiga. Waɗanda suka yi ta kira, da waɗanda suka taka har gida don kwantar wa Hajiya hankali, Allah ya bar zumunci.

Da yawa sun tambaye ni ina ne ma Komoros ɗin. Tsibirai uku ne a Tekun Indiya, tsakanin Mozambik da Madagaska: Ngazija, inda babban birni Moroni yake, sai Nzuwani da Mwali. Abokin da muka yi karatu tare a Sudan ne ya gayyace ni ƙauyensu a yankin Mitsamiyuli, can arewa inda ɓarnar ta yi tsanani.

Babbar godiyata ga mahaifiyarsa take, kuma sai mutum ya san ƙasar zai gane dalili. Daminarsu daga Nuwamba zuwa Afrilu ce, ruwa kamar da bakin ƙwarya, amma duk faɗin Ngazija babu kogin da ke gudana shekara cur. Aman wuta ne ya gina tsibirin. Ga dutsen Kartala nan mai tsayin mita 2361, har yanzu da ransa, ko a 2005 ya yi amai. Ruwan da ya sauka baƙin dutsen nan yake zuƙewa nan take. Shi ya sa a ƙauyuka tankin siminti ake ginawa a tari ruwan da ke zubowa daga kwanon rufi. To guguwa ta yaye kwanon, ta cika tankunan da ganye da ƙasa. Ɗan ruwa mai tsabta da ya rage a gidan, Mama ni take fara ɗibar wa, ga jikoki a gabanta. Na ƙi karɓa, ta ɓata rai. Mama, ba ni da abin biyanki, Allah ya shayar da ke daga tafkin Alkausara.

Na gode wa Liman da ya buɗe masallaci ga duk wanda ɗakinsa ya rushe. Su Shafi'awa ne, suna bayyana Bisimilla a Fatiha, ni kuma ɗan Malikiyya, amma ko sau ɗaya ba wanda ya dube ni da idon baƙo a sahu. Na gode wa matasan ƙungiyar agaji ta Red Crescent ta ƙasar da suka iso da tamfol, da samarin ƙauye da suka sare itatuwan da suka tare hanya har mota ta iya kai ni filin jirgi na Hahaya.

Akwai wani dattijo da ba zan manta ba. Da dare, babu lantarki, shi yake ɗebe mana kewa da tarihi: yadda suka karɓi 'yanci daga Faransa ranar 6 ga Yuli 1975, yadda tsibiri na huɗu, Mayot, ya tsaya a hannun Faransa, da juyin mulkin da aka yi ta yi bayan nan. Maganar Mayot har yau tana masa ciwo. Baba, na gode da ilimi.

Abin da ke damuna shi ne abin da na baro. Ayaba da rogo sun kwanta a ƙasa. Kanumfari, banila da furen ilan-ilan da ake haɗa turare da shi, su ne kuɗin ƙasar, kuma itacen kanumfari sai ya yi shekaru kafin ya fara bayarwa. Ga shi azumi ya kama su a haka. Ina roƙonku, ku sa mutanen Komoros da na arewacin Mozambik, inda guguwar ta wuce washegari, cikin addu'arku ta buɗa baki. Wanda yake da niyyar taimako ya same ni, ina da hanyar isar da shi ga ƙauyen.