Kada ku karanta sunan Faransanci da idon Ingilishi

Ƙannena, musamman masu sha'awar aikin rediyo da masu sharhin ƙwallo, abin da ya daɗe yana kayar da mu da muka yi boko da Ingilishi shi ne ganin haruffan iri ɗaya ne, sai mu zaci karatun ma ɗaya ne. Kowane harshe da ƙa'idarsa, kuma bakin Bahaushe ya fi kusa da furucin Faransanci fiye da yadda kuke tsammani.

Ku fara da sunayen maƙwabta, don nan ne kwaɓa ta fi ba da kunya, tunda yawancinsu namu ne, rubutun kawai ya bambanta. Duk inda kuka ga ou, wasalin u ne: Issoufou Isufu, Bazoum Bazum, Moussa Musa. In wani wasali ya biyo bayansa sai ya koma w, shi ya sa Tahoua take Tawa, Maroua Marwa, Ouagadougou kuma Wagadugu. Ch a wurinsu sh ne, don haka Aïchatou A'ishatu ce. Da yake Faransanci ba shi da sautin c da j irin namu, sai su rubuta tch da dj, kamar a Tchad da Djibo. E ɗin da ke ƙarshen Ousmane da Zidane ba a furta shi. Aikinsa ya sa a ji n sarai: Usman, Zidan.

A sunayen Faransawa kansu, baƙin ƙarshe yakan yi shiru, musamman s, t, d da x. Paris Pari ce, Renault Reno, Bordeaux Bordo, domin au da eau duk o ne. Direbobinmu da ke cewa Fijo sun fi kusa da furucin Peugeot fiye da ɗan bokon da ke bin harafi ɗaya ɗaya. H ma ba ya magana, th kuwa t ne zalla: Thierry Henry, Tiyeri Anri. Oi kuma wa ne, kamar a François da Côte d'Ivoire. Ku lura da é mai ɗan karan nan a ka, wannan dole a furta shi: Mbappé, Kanté, Yaoundé. Jaridun Ingilishi kan cire karan, daga nan ruɗun yake farawa.

Inda aikin yake da gaske shi ne wasulan hanci: an, en, on, in. A Macron ko Lyon, n ɗin ba baƙi ba ne da za a buga. Ku ce Makro, ku saki iska ta hanci a gaɓar ƙarshe, kada harshe ya taɓa hanƙa. Ku toshe hanci ku gwada. In sautin ya shaƙe, kun kama hanya. J na Jean kuwa sh ne mai murya, ku ɗora yatsa a maƙogwaro har ku ji yana karkarwa. Shi kuma u shi kaɗai, na Hugo ko Dumas, ku tsuke leɓɓa kamar za ku ce u, amma ku ce i.

R na maƙogwaro kada ya hana ku barci. Mutane da dama a Nijar da Sanagal da r na harshe suke Faransancinsu, kuma ana fahimtarsu. Abin da ya fi shi muhimmanci shi ne nauyin murya: Ingilishi kan danna farkon kalma, Faransanci kuwa yana jera gaɓoɓi daidai, ya ɗan ja ta ƙarshe.

Ƙa'idar baƙin ƙarshe ba ta cin kowane suna. Ana jin r a Zinder, ana jin z a Agadez, Reims ma da s ɗinta ake kiranta. Sunan da kuke shakka, ku saurari yadda mai shi ko mai karanta labarai da Faransanci a RFI yake faɗarsa, sannan ku rubuta shi da haruffan Hausa a gefen takardarku kafin a buɗe muku makirfo.