Layi shida da na aika wa Clang

Dare biyu kwamfutata ta kwashe tana fama da haɗa LLVM, babban aikin da ya ƙunshi Clang, manhajar da ke fassara harsunan rubuta manhaja na C da C++ zuwa abin da kwamfuta ke ganewa. Ram ɗinta gigabayit 8 ne, kuma duk sanda aiki ya zo ƙarshe sai ta daskare. Sai da na koma ginin Release, wanda bai cika nauyi ba, na zaɓi nau'in kwakwalwar kwamfuta na X86 kaɗai, na hana Ninja, manhajar da ke tafiyar da ginin, haɗa manyan fayiloli biyu a lokaci guda, sannan ta kammala, ana kiran assalatu.

Ina aji uku a jami'a lokacin, burina in shiga Google Summer of Code, shirin da tun 2005 yake haɗa masu koyo da ayyukan manhajojin da kowa ke da ikon dubawa ya gyara. Na zaɓi Clang Static Analyzer. Aikinsa shi ne ya karanta abin da ka rubuta da C ko C++ ba tare da ya kunna shi ba, ya bi hanyoyin da shirin zai iya bi ɗaya bayan ɗaya, ya ce maka: nan ka ari wuri a Ram da umarnin malloc ba ka mayar ba, can kuma ka raba lamba da sifili.

Na fara ta inda bai kamata ba. Takardar neman shiga shirin mai shafi takwas na rubuta a kan sabon mai bincike da zan ƙirƙira, wato ɓangaren manhajar da ke farautar wani nau'in kuskure, alhali ko layi ɗaya ban taɓa gyarawa a cikin aikin ba. Wani daga cikin masu kula da shi ya karanta, ya yi mini tambaya ɗaya tak: idan aka gwada shi a kan babbar manhaja ta gaske, sau nawa zai yi kuka alhali babu laifi? Ba ni da amsa. A ranar na gane abin da ya fi damun mutanen nan. Mai binciken da ke yawan ƙararrawar ƙarya, kashe shi ake yi, ya tafi har da gaskiyar da yake faɗa.

Sai na ajiye shafukan, na ɗauki ƙaramar matsala daga waɗanda aka ware wa sababbi a GitHub, dandalin da ake ajiye aikin: gargaɗi ne da ke fitowa inda bai dace ba. Mako biyu ina bin zanen da manhajar ke fitarwa na hanyoyin da ta bi, gaɓa bayan gaɓa, har na ga wurin da ta manta cewa an riga an duba lambar da ake shakka a kanta. Gyaran layi shida ne. Fayil ɗin gwajin ya ninka shi sau biyar, domin duk inda ake sa ran gargaɗi sai ka rubuta alamar expected-warning a wurin, inda ba a so kuma dole a ga shiru. Sau uku ana dawo mini da shi, kuma kowane gyara da aka nema yana da hujja. Na ƙarshe ma wani yanayi ne da ban taɓa tunaninsa ba.

Da na koma kan takardar neman, shafi uku ta zama, aikin awa 175, kowane mako da abin da zan gwada da manhajar da zan gwada a kanta. A sakin layi na farko na sa lambar gyaran nan nawa da aka karɓa.