Da Sauƙi, In Ji Su

Dala huɗu na sayi rigar nan a shagon gwanjo. Shuɗiya ce mai ratsin ruwan lemo, da ɗan kan kada a ƙirji. Na ga yadi mai kyau, na ga araha, na ɗauka. Watana biyar ke nan a Tallahassee, babban birnin jihar Florida, ina wanke-wanke da goge tebura a wani gidan abinci, kuma ba wanda ya taɓa ja na gefe ya ce min a garin nan launin riga ma yana jawo gaba.

Ranar da na tashi sa ta kuwa, ashe jiya-jiya Bobby Bowden ya sanar wa duniya cewa ciwon da ke jikinsa ba na tashi ba ne. Yulin 2021, kwana biyu da Babbar Sallah. Na shiga da fara'ata, na tarar da wurin tsit kamar gidan makoki. Kafin in kai ga sa rigar aiki, wani dattijo mai zuwa shan kofi kullum ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Yau? Yau ka ga damar sa wannan?" Ashe kadan nan tambarin jami'ar Gainesville ne, manyan abokan hamayyar jami'ar Florida State ta garin nan. Kamar ka shiga filin Ƙofar Mata da rigar Enyimba, ka kutsa tsakiyar 'yan Pillars ka zauna.

Garin gyaran gira sai na tsokane ido. Na tambaya wane ne Bowden ɗin, aka ce tsohon kocin ƙwallon Florida State ne, shekararsa 91. Na haɗa ɗan Turancina na ce ai sai godiya, ya sha miya, ya ga jiya ya ga yau. A gida wannan magana ce ta ban haƙuri. A nan kuwa, kallon da aka yi min ko ɓarawon takalmi a masallaci albarka. Har yau in na tuna sai in ji kunnuwana sun yi zafi. Amma fisabilillahi, wa ya koya min?

Wata dattijuwa da muke aiki tare a kicin ce ta tausaya min, ta zaunar da ni bayan an tashi. Ta ce a 1976 ya karɓi ƙungiyar tana abin dariya, wasa huɗu kacal ta ci a shekara uku. Ya riƙe ta har 2009, ya ɗauko kofin ƙasa sau biyu, 1993 da 1999, kuma shekara 14 a jere ba su faɗo daga sahun biyar na farko ba. Ƙwallon ma ba irin tamu ba ce, da hannu ake runguma ana gudu, siffarta kamar gwanda. Amma ba a kan kofi ta daɗe ba. Ta fi daɗewa a kan bugun da ya kauce dama a 1991, Miami ta ci su 17 da 16, mijinta ya ƙi cin abinci. Sai kuma cewa duk sunan da ya yi, lambar wayar gidansa tana cikin kundin lambobin gari, kowa na iya kira. Tana faɗa tana share hawaye da bayan hannu, kai ka ce ubanta ne.

Ni abin da ya hana ni barci daban ne. Mutumin da kansa ya fito ya ce ya shirya wa abin da ke tafe, hankalinsa kwance yake. Ɗansa ya biyo baya ya faɗi sunan cutar, ciwon daji. Gari guda ya samu damar sallama da shi kafin ya cika ranar 8 ga Agusta.

Mu kuwa tun azumi Baba yake kwance. In na kira Yaya Babba, "da sauƙi". In na kira Inna, "jiki alhamdu lillahi, kai dai ka riƙe addu'a". Kuɗin da nake turawa ya ninka, ba wanda ya ce min na wane magani ne. Ni ma da alfaharina ban matsa ba, ai ni ne ɗan da ke Amurka, mai kashe wuta da dala. Ranar Sallah aka kira ni ta bidiyo, aka nuna min rago, aka nuna min yara da sababbin kaya. Baba da bai taɓa bari wani ya riƙe masa wuƙar layya ba, aka ce wai barci yake.

Daren nan na jira har ɗaya, lokacin an idar da asuba a Kano, na kira autarmu ita kaɗai. Na ce ta dubi Allah ta faɗa min gaskiya. Ta yi shiru, ina jiyo zakaran maƙwabta ta cikin wayar.

Ta ce, "Da sauƙi, Yaya." Can kuma ta rage murya. "Wai in ka zo gida, takardunka za su bari ka koma?"