Jiya a ruwan Tiga

Jiya bayan sallar asuba muka bar Kano, muka kama hanyar Zariya sai Tiga. Wani dattijon masunci ne ya ɗauke mu a kwale-kwalensa, ya ce kifin bakin gaɓa na yara ne, can ƙurya za mu, inda waya ba ta da sabis.

Wai ashe wannan ruwan da gwamnatin Audu Baƙo ta datse, aka gama a 1974, shi ke shayar da shinkafar Kura da Kadawa. Faɗinsa sai ka shiga ciki za ka yarda.

Baba ya miƙa min filafili, kafin hantsi kafaɗata ta mutu murus. Shi kuwa yana tsaye a goshin jirgi, ya yafa birgi, wato ragar kama kifi, a hannu, ya juya ya watsa, ta buɗe zagaye kamar faifai. Da ya jawo sai karfasa na ta watsal-watsal. Ni da fatsata da tana, tarwaɗa guda na samu. "Ɗana, ai ba a yi wa kifi surutu," in ji shi.

Mai son romo ya leƙo gida bayan magariba.