Wainata ta daina kwanciya

'Yan uwa, yau dai sai godiyar Allah. Na kwashe waina daga tanda ta tsaya da kumburinta, na ɓare ta na ga ƙananan ramuka har tsakiya, babu danƙon nan da ya daɗe yana ɓata mini rai. Daɗi ya ishe ni, shi ya sa na zauna in rubuto muku tun ban manta yadda na yi ba.

Waɗanda muka faro tare sun san wainar da nake bi. Akwai wani gidan abinci a unguwarmu, ta wajen Gyaɗi-gyaɗi a nan Kano, da ke cika maƙil ranar Asabar da Lahadi daga hantsi har azahar. Asabar ɗin ƙarshen wata kuwa ba a magana. Da ƙarfe 10 ta yi, an saki mutane daga tsaftar muhalli, kowa sai ya fito da yunwarsa, masu kula na layi, masu zama na jiran kujera. Suna yin sinasir da funkaso da farfesun kayan ciki, amma waina da miyar taushe ake yi wa wannan tururuwar. Abin da muke kashewa a zama ɗaya ni da maigida da yara ya fara yi mana nauyi, sai na ƙudura in riƙa fitar da irinta a gida.

Miya ba ta taɓa ba ni wuya ba. Kabewa daga Yankaba, alayyahu, 'yar yakuwa, gyaɗa da daddawa, an wuce wurin.

Wainar ce ta ƙi ni. Ƙullu zai tashi a bokiti har ya taɓa murfi, in zuba a tanda ta kumbura gwanin sha'awa, ina juyawa sai ta sace, kafin ta kai faranti ta lafe. Baya ya soyu ja, ciki kuwa caɓal. Na ƙara yis, warinsa ya cika kicin, wainar ba ta canja ba. Na ƙara bekin hoda, ɗaci ya shigo. Na sake mai inji, don na farkon yana sako mini ragowar markaɗen wake da tattasai. Na bar shinkafar da nake saye na koma wata farar ta tuwo, 'yar gida, daga Kasuwar Rimi. Da sanyi ya shigo sai na ɗora wa hunturu laifi, tunda daren Kano a Disamba da Janairu ba ya barin ƙullu ya motsa, na riƙa naɗe bokitin da bargo. Wannan ya taimaka wa tashin, kwanciyar kuwa tana nan. Abin da ya fi ci mini rai shi ne tandar zamani, irin wadda ba ta kamu, da na saya naira 12,000 don an ce ita ce magani. Ga kuɗin gas, ga man gyaɗa da ya tafi a banza. Akwai Asabar ɗin da na rufe ƙofar kicin na yi kuka, wallahi, maigida ya ɗauki kula ya tafi ya bi layi.

Wata dattijuwa ce ke suyar a bayan gidan abincin, tanda biyu take riƙewa a lokaci ɗaya. Na jira har cunkoso ya ragu na je na durƙusa na gaishe ta, na zayyana mata damuwata. Ba ta ko tambayi yis ba. Ta ce, "'Yar nan, me kike dafawa a cikin ƙullun?" Na ce, "Iya, ludayi ɗaya na dafaffiyar shinkafa nake sawa kafin a kai markaɗe, yadda kowa ke yi." Ta ce, "Ludayi ɗaya me zai riƙe? Je ki yi talge."

A nan ne na fahimci tashin ƙullu daban, tsayuwar waina daban. Yis aikinsa ya samar da iska, kuma nawa yana yi. Amma sai an sami abin da zai tsare iskar. Alkama na da danƙonta na halitta, shi ya sa funkaso da alkubus ke tashi su tsaya ba gardama. Shinkafa ba ta da shi. Ɗanyen garinta a ruwa ba ya riƙe komai, iska na hawa tana ficewa. Sai an dafa wani kaso ya yi yauƙi, sannan shi zai ɗaure sauran.

Ga yadda na yi jiya da daddare. Shinkafa gwangwani 8 na jiƙa tun azahar, aka markaɗo da albasa, ba ruwa da yawa. Na ɗebi kusan kashi ɗaya cikin biyar na ƙullun, na sirka da ruwa, na ɗora a wuta ƙasa-ƙasa ina juyawa har ya yi kauri kamar koko mai nauyi. Sai na sauke na bar shi ya huce sosai. Don Allah kada a yi gaggawa a wannan gaɓar. Zafin da ya kai digiri 60 kashe yis yake yi, shi ɗumi yake so, wajen 30 zuwa 35. In kin tsoma yatsa kin ji kina son cirewa, bai yi ba tukuna. Da ya huce na mayar cikin sauran, na buga har gudaji suka ɓace, sannan yis ƙaramin cokali biyu da ɗan sukari. Yis ɗin nan bai kai rabin wanda nake zubawa a da ba.

Da safe ban buga shi ba, juyawa kawai na yi a hankali. Kanwa ma na canja mata lokaci. Ungurnu na jiƙa na tace, kuma ban zuba a bokiti gaba ɗaya ba. Ina ɗiban ƙullun da zai ishi zubi biyu a kwano, in ɗiga ruwan kanwa da gishiri, in soya nan take. Kanwa na haɗuwa da tsami take tayar da kumfa, in ya zauna jira kumfar ta tafi. In ta yi yawa kuma kun san sauran, waina ta koma ruwan ɗorawa, ɗanɗano ya lalace.

Tandar naira 12,000 tana ajiye a kan kantar kicin. Tsohuwar ta ƙasa da Hajiyarmu ta ba ni na ɗauko, na ɗora a kurfoti, na bar gawayi ya zama garwashi kafin zubin farko. Ba na juyawa sai gefe ya bushe, ramuka sun fito a sama. Ni dai a ganina ƙamshin tandar ƙasa babu ƙarfen da zai ba ki shi.

Da cewa na yi sai na gama da waina zan taɓa sinasir, amma ragowar ƙullun na nan, na riga na ƙara masa ruwa na gwada biyu a kasko, sun yi kyau, sai dai gefen bai yi siriri yadda nake so ba.

Saura matsala ɗaya. In na jera wainar a kula, kafin minti 30 gumi ya jiƙa ta ƙasan, ɓawon ya saki. Ta gidan abincin kuwa har gida take isowa da ƙarfinta. Na shimfiɗa tsabtataccen ƙyalle a ƙasa, ya rage amma bai hana ba. Wadda ta san dabarar ta taimaka mini kafin Asabar, don surukata za ta zo karin hantsi kuma na riga na ce mata ba za a sayo ba.