Barewar da tsohon ya ƙyale a Wiskonsin

Yau kwanana shida da dawowa Kano, amma har yanzu in na rufe ido sai in hango barewar nan tsaye a gefen gonar masara, tururi na fita ta hancinta, tsohon da ke kusa da ni kuma bindiga na kan cinyarsa bai ko taɓa ta ba. Duk wanda ya zo mini sannu da zuwa sai na ba shi labarin, to gara in rubuta a huta.

Ƙanena na kai wa ziyara a La Crosse da ke jihar Wiskonsin ta Amurka, inda ya daɗe yana aiki. Zancen jirgi ba sai na ja shi ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ma'aikacin da ya buɗe jakata a filin jirgin da na fara sauka. Ya ɗago ƙunshin kilishin da Hajiya ta sa aka yi wa ɗanta, ya riƙe da yatsu biyu kamar ya tsinto mushe, ya wurga cikin kwandon shara ko kallona bai yi ba. Na yarda doka ce, ba a shiga ƙasar da nama. Amma ko doka ce ai ana yi wa baƙo bayani da sakin fuska. Ƙullin yajin da ke ƙasan jakar dai ya tsira, kuma ya yi mana rana daga baya.

"Yaya, ka zo a kan gaɓa," in ji ƙanena. Ashe farautar barewa da bindiga za a buɗe, ta kwana tara, wadda ake farawa ranar Asabar ɗin da ke gaban bikin godiyarsu na watan Nuwamba. Maharba fiye da rabin miliyan ke fita a wannan jihar kaɗai. Duk kantin da ka shiga cike yake da riguna da huluna ruwan goro mai ɗaukar ido, don doka ta ce aƙalla rabin suturarka daga ƙugu zuwa sama ta zama wannan launin, kada wani ya ɗauke ka dabba. Tun 2016 ma an yarda da ruwan hoda. Ɗan jiha dala 24 yake biyan lasisi, wanda ya zo daga waje kuwa dala 200. Da na ji haka na ce kallo ya ishe ni. Riga ma a shagon gwanjo muka samo ta dala 8, alhali sabuwa ta ninka haka sau biyar. Na so in taya, ƙanena ya dafa ni ya ce nan abin da aka rubuta shi ake biya.

Ranar Juma'a bayan mun sauko daga masallaci muka bi gefen kogin Misisifi muka yi arewa, tsaunuka a dama, ruwa a hagu, har kusa da garin Alma a gundumar Buffalo. Mahaifin abokin aikin ƙanena ne ya gayyace mu gonarsa. Dattijo ne da ya haura saba'in, ya yi kiwon shanun madara har ƙarfi ya ƙare. Mutumin nan ya karrama mu. Ya share mana ɗaki, ya tambayi ina muke fuskanta in za mu yi salla, ya ja kujera ya ba mu fili. Matarsa ta sayo sabon kasko saboda mu, kuma ita da kanta ta gargaɗe mu kada mu taɓa naman barewar da suke ɗurawa a hanji, domin da kitsen alade ake haɗa shi. Na ce masa a garinmu mai shekarunsa Baba muke ce masa. Ya yi murmushi ya ce ya karɓa.

A daren nan na fara gane cewa mutum uku ne a gidan za su shiga dawa ɗaya, amma ba abu ɗaya kowa ke nema ba. Jikan Baba, ɗan shekara 14, ko barci ya kasa. Shi dai ya samu ya kayar da barewa, kowace iri. Ubansa kuwa waya ya fito da ita yana nuna mini hotuna. Ya ɗaure kyamarori a jikin itatuwa, ya san mazan barewar da ke yawo a gonar ɗaya bayan ɗaya, har suna ya raɗa musu. Guda ɗaya yake jira, mai rassa goma a ƙaho, wanda ya ce ya kai shekara biyar da rabi. In ba shi ba, gara ya koma gida hannu rabbana. Akwai wata ƙungiya, Boone and Crockett, da Theodore Roosevelt, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka, ya kafa a 1887, wadda ke auna ƙaho da inci tana rubutawa a kundi, kuma gundumar Buffalo tana sahun gaba a duk ƙasar wajen manyan ƙahoni. Shi ya sa masu kuɗi ke zuwa daga nesa suna saye ko hayar daji a wurin, abin da Baba ya ce ya hana 'ya'yan talakawan yankin wurin farauta. Baba dai bai sa baki a musun ƙaho ba, shayinsa kawai yake kurɓa.

Da asuba, bayan salla, ni aka haɗa da shi. Muka hau wata 'yar rumfar katako a kan dogayen ƙafafu, kamar ta masu korar tsuntsu a gonar gero. Sanyin bai da misali, hunturun Jos wasa ne a kansa. Doka ta yarda a fara harbi saura rabin awa rana ta fito, kuma lokacin na cika sai ƙarar bindiga ta ko'ina kamar ana hawan salla. Wajen ƙarfe takwas sai ga shi ya fito daga cikin itatuwa. Mu dai barewa muke ce mata don babu wani sunan, amma ba irin tamu ba ce. Ta fi babban ragon layya girma, wutsiyarta fara ce ta ƙasa, ƙahon namijin kuma rassa gare shi kamar busasshen reshe. Wannan rassa shida ne da shi, ya tsaya bai fi taku sittin ba, ya ba mu haƙarƙari sarai.

Na raɗa masa, "Baba, ga shi fa."

Ya gyaɗa kai. Ya ɗaga madubin hangen nesa ya duba, ya miƙo mini. Har dabbar ta gama kiwonta ta ɗaga wutsiya ta shige, yatsansa bai je kusa da kunama ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Ni jikan maharbi ne. Kakana a gefen dajin Falgore ya yi rayuwarsa da adaka, kuma a wurinsa rabo in ya tsaya maka haka ka ƙyale shi, ka yi wa Allah butulci.

Sai Baba ya yi mini karatu a hankali. Ya ce in duba ƙafafun, sun yi wa jikin tsawo, wuya siriri, ciki a ɗame. Shekararsa ɗaya da rabi. Babba wuyansa kan kumbura ya haɗe da ƙirji, ciki ya sauko, baya ya ɗan lotsa. Kuma ƙahon nan da nake gani zubewa yake yi duk ƙarshen hunturu, sabo ya tsiro wanda yawanci ya fi na bara. Wannan ya ba ni mamaki matuƙa, don barewarmu da ƙahonta take mutuwa. Ya ce da yana saurayi duk mai ƙaho da ya gifta sai ya kayar da shi. Ya yi shekaru yana ƙirga yawan abin da ya kashe, ya yi wasu yana bin ƙaho kamar ɗansa, har ya rataye bakwai a bango. Daga baya ya ajiye bindiga ya koma baka, don abin ya yi masa sauƙi da yawa. Yanzu kafaɗa ta ƙi jan tsirkiya. In ya ga mace babba mai ƙiba ya harba ɗaya don tukunya, in bai gani ba ya yi kallonsa ya koma gida.

Maganar mace ta sake ɗaure mini kai. Kakana ko kusa ba ya harbin mai ciki ko mai goyo. Baba ya ce nasa uban ma haka yake, a zamaninsu abin kunya ne, domin wajen 1900 barewar irin wannan da ta rage a duk Amurka ba ta wuce rabin miliyan ba. Sai aka hana sayar da naman dawa, aka ƙayyade lokaci, kuma tun 1937 ake cire haraji daga kuɗin bindiga da harsashi ana kula da dawa da shi. Yanzu ana ƙiyasta sun kai miliyan 30. Suna cinye amfanin gona da ƙananan itatuwa, suna haddasa haɗarin mota, har hukuma ke roƙon a harbi mata. Akwai lokacin da a wasu sassan jihar sai ka kawo mace kafin a ba ka izinin namiji, sai a 2011 aka soke wannan.

Da rana ƙanena ya ce mini abin da Baba ya faɗa ai malamai sun rubuta shi. Wasu malaman jami'a biyu a can La Crosse, Robert Jackson da Robert Norton, sun tattauna da maharba fiye da dubu a ƙarshen shekarun 1970, suka ce maharbi kan bi matakai biyar, daga ɗokin harbi zuwa lokacin da zama a dawa da abokai ya fi masa kisa daɗi. Na yarda da su, amma ba duka ba. Ni a ganina ba tsufa kaɗai ke sa mutum ya sauke bindiga ba. Akwatin sanyin Baba cike yake da nama, kuma yana da yaƙinin baɗi dabbar nan tana nan. Na bi farautar gayya ina yaro, da rani bayan an kawar da amfani: ganga, kirari, karnuka, gora, a cinna wa dawa wuta, duk abin da ya tashi a bi shi. Kowa ya ci zomo ya ci gudu, kuma in ka ƙyale, na bayanka ba zai ƙyale ba. Dattawan da ke cikin ayarin sun san ana ɓarna, amma akwai bakuna na jira a gida. Yau a shafe wuni ana yawo a dawo da gafiya da zomo biyu. Gada da gwanki kuwa yaranmu sai a labari.

Su ma ɗin abin bai gama zama musu ba. Da yamma ɗan Baba ya dawo fuska a murtuke. Wani namijin da ya shekara biyu yana ƙyalewa don ya girma ya tsallaka shinge, maƙwabci ya kayar da shi. Ya yi ta faɗa kamar an sace masa sa a turke. Wannan son ƙahon bai kwanta mini ba. Mutum ya ga halal ɗin nama sau goma a wuni ya kau da kai saboda abin ratayewa a bango, ya kuma ƙullaci maƙwabcinsa a kan dabbar da ba ta kowa ba.

Ranar Lahadi ƙanena ya samu tasa, mace babba. Ya yi bismilla ya harba, muka ruga muka tarar da sauran rai, na sa wuƙa na yanka. Nan fa muka saɓa da masu gida. Su a dawa suke farke ciki su zubar da komai su tafi. Na ce wace irin asara ce wannan? Na tsince hanta da zuciya da ƙoda. Fata ma ba ta dame su ba, na tuna majemar Kano na girgiza kai. Kan ne kawai suka hana ni, kuma da hujja. Akwai wata cuta mai cin ƙwaƙwalwar barewa tana ramar da ita har ta mutu, CWD suke ce mata, wadda aka gano a jihar a 2002, don haka kai sai wurin gwaji. Ƙanena ya yi rajistar dabbar ta waya, don doka ta ba shi zuwa ƙarfe biyar na yammar washegari.

Sauran naman aka adana sai sakamako ya fito. Baba ya ciro na bara wanda aka riga aka gwada, amma muka ce mu namu muke jira, sai ya aika aka sayo mana naman halal daga gari. Shi na tsire da yajin nan na gasa a kan garwashi, na yi musu nasu daban da naman barewarsu. Baba ya ci tsinke huɗu yana share hawaye yana neman ƙari. Rabin ƙullin na bar wa matarsa.

Ranar Litinin jikan ya kayar da wani ƙaramin namiji mai ƙaho kamar yatsu biyu, irin wanda ubansa ba zai ko ɗaga kai ya kalla ba. Baba ya rungume shi, ya taya shi ja har bakin mota, bai ce masa ƙarami ne ba.

Talata muka koma La Crosse. Na yi kwana biyu a Madison, babban birnin jihar, na ga ginin majalisarsu tsakanin tafkuna biyu, na yi tsaraba mai tsada, na kamo hanya. Jiya ƙanena ya kira ya ce gwajin ya fito lafiya, sun fara cin naman. Mai rassa goman bai fito ba har aka rufe farauta. Baba kuwa ya fita duk kwana taran, harsashi ko ɗaya bai kashe ba, ya ce a gaishe ni, a kuma tambaye ni me da me ake dakawa a yajin.